Rigar Alhaji Ɗanjuma da Kyamara ta Biyu

Tun da na dawo daga Garwa ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A wurin aiki da na zauna sai wani ya leƙo: "Rabi, ya Kamaru?" A gida maƙwabta, a waya ƙawaye, har mai kayan miyan bakin layinmu ya tsare ni yana so ya ji ko da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kullum sai na ƙara gishiri. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa kwana uku na yi a hanya, alhali yini ɗaya da rabi ne. Shi ya sa na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, a ɗakin sarrafa hoto na wani gidan talabijin nake aiki a Kano. Duk abin da kyamarori suka ɗauko yana shigowa cikin wata na'ura mai maɓallai birjik, mu miksa muke ce mata, ni kuma ina zaune a gabanta ina zaɓar hoton da za a nuna wa mutane. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, amma har gobe in aka tambayi innata me nake yi, cewa take, "Tana dai danna abu."

Dija ce ta ja ni tafiyar. 'Yar kawuna ce, ƙanin innata da ya tafi Garwa fataucin goro tun ba a haife ni ba, ya yi aure ya yi zamansa. Taubashiyata ce ke nan, ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Ta daɗe tana karanta sanarwa da Faransanci a wani ƙaramin gidan talabijin mai zaman kansa, wanda ake kamawa a Garwa da garuruwan kusa. Duk tsawon lokacin tana roƙon mai gidan ya ba ta rabin awa ta yi shiri da Hausa, shi kuma amsarsa ɗaya: Hausawan Garwa duk suna jin Fulatanci, wa zai zauna kallon shirin Hausa? Da ya gaji da nacinta ya ba ta Asabar ɗaya tak, bayan la'asar, kai tsaye, da layin waya a buɗe. In shiri ya yi kyau mutane suka kira, fili ya zama nata. In aka ji kunya, a ba mai shirin kiɗa, kuma kada ta sake tayar da maganar.

Ana saura mako ɗaya ta kira ni.

"Baiwata, tattara komatsanki ki taho."

"Wace ce baiwar taki? Lafiya?"

"Ba lafiya ba. Sun sayo sabuwar na'ura, wanda ya iya ta ya samu aiki a Yawunde ya tafi. Kyamara uku gare mu, biyu baƙi ƙirin suke nunawa, ɗayar kuma hotonta rawa yake. Direkta ya ce in haka ne a yi da guda ɗaya. Rabi, da kyamara ɗaya mai rawa za a yanke mini hukunci."

A nan muryarta ta canza, na san wasa ya ƙare. Na nemi hutun kwana biyar, na zuba wayoyi a jaka, da farin kati, da wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana babba da nake ajiyewa don irin wannan rana.

Ranar Laraba da asuba na shiga motar Yola. Ba abin ba da labari a wannan zangon sai zafi da ciwon gwiwa, da wata mata da ta yi barci a kafaɗata tun daga Gombe, da muka iso Numan ta farka ta ce kafaɗar tawa ƙashi ya yi mata yawa. Na kwana a Jimeta gidan wata ƙawata. Da safe na hau ƙaramar mota mai zuwa iyaka ta wajen Belel, mu huɗu a baya, biyu a gaba, na bakwai kuma suna raba kujera da direba, har sai ya ɗaga ƙafa ake canza giya.

Kusa da ni wani dattijo ne mai fataucin shanu. Da ya ji ban taɓa shiga Kamaru ba, kuma ba Fulatanci ba Faransanci, ya girgiza kai don tausayi.

"'Yata, abu ɗaya zan koya miki. In an ce miki jam na, ki ce jam. Lafiya ke nan. Da ita kaɗai sai ki kai Ngaundere."

Ya yi gaskiya, don gaisuwarsu ba ta ƙarewa da wuri. Mu Kanawa muna ganin mun iya gaisuwa, to can sai an tambayi gida, da yara, da zafi, da gajiya, a sake komawa kan gida, kowa idonsa a ƙasa murya can ciki, kai ka ce sirri ake yi.

A iyaka aka ce kowa ya buɗe kayansa. Jami'in da ya zo kaina mutumin kudancin ƙasar ne, Faransanci kawai yake yi. Ya ciro wayoyina ɗaya bayan ɗaya kamar mai fitar da hanjin rago, ya ɗaga 'yar na'urata yana juyawa. Ya yi tambaya, na ce jam. Ya sake yi, na sake cewa jam. Dattijon nan ya zo ya cece ni, ya yi masa bayanin cewa ni mai gyaran hoton talabijin ce. Sai na ga fuskar mutumin ta washe, ya yi mini alama in biyo shi cikin ofis. Na ce a raina shi ke nan, Dija ta ja mini.

Ashe talabijin ce a rataye a bango. 'Yan ƙwallo ake nunawa, kowanne gajere mai faɗi kamar an danne shi da turmi. Ta bakin dattijon na ji wai tun da aka kawo ta haka mutane suke fitowa, har sun haƙura. Na karɓi rimot, na shiga inda ake zaɓar faɗin hoto na mayar da shi daidai. Nan take 'yan ƙwallo suka miƙe suka zama mutane. Jami'ai uku suka taso suna kallo suna "Wala! Wala!", wato "yauwa, ga shi nan" da Faransanci. Aka buga mini hatimi, aka ba ni ruwan sanyi, wanda ya binciki jakata ya naɗe mini wayoyina da hannunsa, ya ma fi ni iya naɗi.

Muka bi ta Demsa da Gashiga, muka shiga Garwa da azahar. Zafin garin ban san da me zan kwatanta muku ba, ni da nake taƙama da zafin Kano sai da na sara masa. Dija ta tare ni a tasha a kan babur ɗinta, da gilashi da komai.

"Hau mana, baƙauya. Ko sai an kawo miki jaki?"

"Ke za ki tuƙa ni?"

"A'a, aljani."

Na hau ina salati, na riƙe ta kamar zan karya mata haƙarƙari.

A gidan Kawu aka sauke ni. Matarsa, Goggo Dudu, Bafillatana ce, Hausarta kaɗan ce amma hannunta a buɗe yake. Gidan harshe uku ake yi: da uwa Fulatanci, tsakanin yara Faransanci, Hausa kuwa sai in za a yi magana da Kawu. Jikokinsa suka zo gaishe ni, na yi musu Hausa suka tsaya suna kallon bakina. Abin ya ɗan sosa mini rai, kuma a nan na fara gane abin da ya sa Dija ta nace. Aka kawo tuwon masara da miyar yakuwa, su follere suke ce mata, da man shanu yana yawo a kai. Tsaminta ya kama mini muƙamuƙi a loma ta farko, a ta biyar na nemi ƙari. Da safe kuma ga burodin da ake tambayata, dogo, mai ɓawo, an tsaga cikinsa an ɗura wake da ƙwai. E, ya kai tsawon hannu, kuma a hammata ake ɗauko shi daga shago ba ko leda.

Ranar Juma'a da safe muka tafi gidan talabijin, a saman wani bene kusa da kasuwa. Al'adarsu, duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu, daga mai gida har mai shara, kullum ta Allah. Ni dai na dafe ƙirji ina ta jam. Mutum biyu ya kamata ku sani. Akwai mai gidan, Mishe Hamadu, kowa Direkta yake ce masa, dogo mai son a ga yana sauri. Akwai kuma Buba, babban mai ɗaukar hoto, mai furfura a gemu, wanda ya fi shekara ashirin yana ɗaukar bukukuwa da tarukan manya a garin. Yana jin Hausa daidai gwargwado. Ya gaishe ni da ladabi ƙwarai, amma na ga yadda ya kalli jakata, kallon mutumin da aka ɗauko wa baƙuwa daga wata ƙasa ta koya masa aikinsa.

Ɗakin sarrafa hoto su reji suke ce masa. Na zauna gaban miksa, komai da Faransanci. Dija tana karanta mini tana fassarawa, sai dai kalmomin aikin ba ta san su ba, ta ce wani wuri "mizanin fim," wani kuma "abin da ke shiga." Muka yi ta lalube har na kai inda nake nema, ina gani na gane ciwon.

Abin ba wuya. Kowace kyamara tana da tsarin da take turo hoto da shi, wato girmansa da kuma sau nawa take turowa a sakan ɗaya. Mu da Kamaru hamsin muke bi, don wutar lantarkinmu a hamsin take bugawa. Amurka sittin suke bi. Irin wannan miksa kuwa tsari ɗaya take karɓa a lokaci guda, duk kyamarar da ta zo da wani daban sai ta nuna maka baƙi, ba ta ko yi maka bayani. Kyamarorinsu biyu na hamsin ne, lafiyarsu ƙalau. Ta ukun gwanjo ce daga Amurka, sittin kawai ta sani. Wani kuma ya je ya saita miksar a sittin, don haka gwanjon kaɗai ke fitowa, tana rawa saboda ba ta jituwa da fitilun ɗakin.

Ni da bakina ba ya da linzami na ce da ƙarfi, "Wai wane mara aikin yi ne ya sa wannan a sittin?"

Dija ta taka mini ƙafa har sai da na ji a ƙwaƙwalwata. Buba ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Direkta ya yi gyaran murya ya ce, cikin Hausa mai ɗan karkata, shi ne ya bi wani bidiyo a waya, wani Ba'amurke ya nuna yadda ake yi daki-daki.

Na ce, "Ai Ba'amurken ne da laifi, ranka ya daɗe, bai faɗi cewa don ƙasarsu yake magana ba."

"Wala," in ji Direkta, ya fita da sauri.

Na mayar da miksa hamsin. Allo ya ɗauke ya dawo, sai ga kyamara ta ɗaya da ta biyu tar, kujerun ɗakin shiri har da ƙurar da ke kansu. Dija ta yi guɗa. Gwanjon kuma ita ta koma baƙi, sai na ɗauko 'yar na'urata, wadda aikinta ke nan juya sittin ya koma hamsin, na ɗaura a tsakaninta da miksa, na gyara mata saurin ƙiftawa har rawar ta tsaya. Juyin nan yana sa hoto ya ɗan makara a bayan murya, don haka na sa Dija ta tsaya tana tafi ina duba ko hannu da ƙara suna haɗuwa. Ta yi ta tafi tana zagina. A ƙarshe na yanke gwanjon ta zama mai ɗaukar ɗakin gaba ɗaya daga nesa, ta ɗaya a kan fuskar Dija, ta biyu a hannun Buba a kan fuskar baƙo.

Saura launi. Kyamara ba ta san fari ba sai an nuna mata, daga shi take auna sauran launuka. Na ɗaga farin katina a gaban kujerar baƙo, kowace kyamara ta kalle shi ta daidaita, hotuna uku suka zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Na ce wa Buba, "Malam Buba, an gama. Don Allah kada a taɓa komai har gobe."

Ya ce, "Boɗɗum, madam," wato ya yi kyau.

Na ɗauka ya yarda. Ban sani ba cewa a can mutum mai kunya ba ya ce wa baƙo a'a a fuska, ko da bai yarda da ko harafi ɗaya ba. Da yamma Dija ta kai ni bakin Binuwai muka ci gasasshen giwan ruwa da barkono, na ci na ƙoshi ina jin kaina gwana.

Asabar, ƙarfe huɗu da rabi za a fara. Baƙon shirin Alhaji Ɗanjuma ne, dattijon mahauci wanda kakansa ya zo Garwa daga Katsina da wuƙa da masaki, zai ba da labarin yadda Hausawa suka kafu a sana'ar fawa a garin. Ya iso da wuri, da ƙunshin gasasshen nama na kowa da kowa, cikin farar babbar riga da ta sha guga tana ɗaukar ido. Na duba hotuna uku, lafiya lau. Saura minti biyar Direkta ya kira ni in duba wayar da masu kallo za su kira, don ƙararta ba ta shiga sosai. Na gyara na dawo kujerata saura minti ɗaya.

Na ɗaga kai na kalli hoton kyamara ta biyu. Alhaji Ɗanjuma ya zama rawaya. Fuskarsa kamar an shafe ta da manja, bangon bayansa kamar ɗorawa. A hoton nesa kuwa ga shi nan mutum kamar kowa. In na yanka daga Dija zuwa gare shi, duk mai kallo zai ga dattijo ya canza launi a gabansa.

Na danna abin magana ina kiran Buba. Ina hango shi ta gilashi, ya rataye abin jin a wuya don yana ɓata masa zaman hula. Na ɗaga hannu, ya ɗago mini babban yatsa yana murmushi. Kiɗan buɗe shiri ya tashi.

Dija ta yi sallama. "Jama'ar Garwa da kewaye, ina wuninku?" Muryarta ba ta ko girgiza ba. Na tsayar da hoto a kanta, jifa-jifa in koma hoton nesa, ina satar kallon ta biyu ina neman abin da ya faru. Sai na lura da rigar. A kyamarar Buba fara ce fat. A hoton nesa kuwa tana da ɗan shuɗi-shuɗi. Ni da na tashi ina wanke wa babana kayan Juma'a, ai ba sai an gaya mini ba. Bula ce. An tsoma rigar a bula don ta ƙara haske, Buba kuma ya nuna wa kyamararsa ita ya ce mata wannan ne fari. Ita kuwa baiwar Allah ta yarda, ta janye shuɗi daga komai don rigar ta yi fari, duk sauran duniya ta koma rawaya.

Daga baya ya gaya mini haka yake yi tun da ya fara aiki. Manyan garin da fararen kaya suke zuwa, kafin a fara sai ya auna fari a rigar babban baƙo, kuma a ganinsa rashin ladabi ne a ɗaga wa dattijo kwali a gaban fuska. Da kyamara ɗaya yake aiki a bukukuwa, ba wata a gefe da za ta tona shi, mutane ma suna yaba hotonsa wai yana sa fata ta yi kyau. Bai yi don ya ɓata mini ba, gyara ya yi mini a ganinsa.

A lokacin dai ba ni da wannan labarin, abin da nake da shi Direkta ne tsaye a bayana yana huci. Alhaji ya fara magana, mutane suna jin muryarsa amma daga nesa kawai suke ganinsa.

"Kamera de, madam! Ta biyu! Ta biyu!"

"Ranka ya daɗe, ka zauna."

"Mutum yana magana ba a ganin fuskarsa!"

"Na ce ka zauna!"

Wallahi ya zauna. Ni ma sai daga baya na ji nauyin abin da na yi.

Ba damar shiga ɗakin shiri ana kai tsaye, don haka daga miksar zan gyara. Tana da wurin gyaran launi na kowace kyamara daban. Da hannun hagu ina yanka tsakanin Dija da hoton nesa, da na dama na buɗe na ta biyu. Ina bukatar wani abu fari na gaskiya da yake fitowa a cikinta, sai Allah ya taimake ni da kofin shayin da aka ajiye wa Alhaji a gefen hannunsa. Na ƙura wa kofin ido, ina ƙara shuɗi kaɗan-kaɗan, ina rage ja, ina gwada shi da kofin da ke hoton nesa. Na zarce, Alhaji ya koma kamar mai jin sanyi. Na dawo baya. Minti huɗu aka ce na yi, ni dai na ji kamar na shekara. Da kofi ya zama kofi, fuska ta zama fuska, na yi bisimilla na danna ta biyu.

Ga Alhaji Ɗanjuma ya cika allo, daidai lokacin da yake dariya yana ba da labarin bijimin da ya tsinke igiya ya kora kakansa har cikin masallaci. Buba kuwa, a ba shi haƙƙinsa, ya iya riƙe fuska. Yadda ya ɗauko idon dattijon da hannuwansa, ni ban taɓa aiki da wanda ya fi shi ba. Na ji Direkta ya sauke numfashi a bayana.

Hoto ya gyaru, saura waya. Dija ta faɗi lamba, ta sake faɗa. Minti goma sha biyar, shiru. Minti ashirin, shiru. Ina ganin yatsunta a hoton nesa suna murza gefen takarda, fuskarta kuwa tana murmushi kamar ba komai. Direkta ya duba agogo sau biyu. Tsoro ya kama ni sosai, don wannan ba abin da maɓalli zai gyara ba ne.

Sai waya ta yi ƙara. Wani mutum ne daga cikin gari, ya ce a tambayi Alhaji me ya sa nama yake tsada alhali ga shanu har bakin titi. Alhaji ya ce ya zo rumfarsa gobe su yi maganar a gaban shanun. Aka yi dariya. Kafin a ajiye wani kiran ya shigo, wata mata tana gaida Dija da Faransanci rabi Hausa rabi. Saura minti uku na ukun ya shigo, muryar tsohuwa, can ƙasa.

"Salamu alaikum. Daga Ngong nake."

"Wa alaikumus salam, Iya. Muna jin ki, mene ne tambayarki?"

"Ni ba tambaya gare ni ba, 'yar nan. An kawo ni ƙasar nan ina amarya, yanzu ba haƙori a bakina. Fulatancin ina ji, ina yi, da shi na yi renon jikokina. To ɗazu ina tankaɗe a tsakar gida sai na ji an ce ina wuninku daga cikin akwati. Na ajiye rariya na amsa. Sai na ga ba ki ji ba. Shi ne na sa aka yi ta neman lambar nan, don in amsa miki da kyau. Lafiya lau, 'yar nan. Ya gajiya?"

Ina kan fuskar Dija a lokacin. Na ga leɓenta ya motsa magana ta ƙi fita, idonta ya kawo ruwa. Na san taubashiyata, ta gwammace komai da a ga kukanta a gari. Na yanka zuwa ta biyu. Alhaji Ɗanjuma, da yake dattijo ne, ya gane, ya gyara zama ya dubi kyamarar Buba.

"Hajiya, ta ji. Duk mun ji. Ba gajiya, Allah ya ƙara miki lafiya."

Na bar hoton a kansa yana ta sa wa tsohuwar albarka har sai da na ga Dija ta goge ido da gefen mayafi ta ɗaga kai, sannan na koma mata ta rufe shiri. Ni kaina da ƙyar nake ganin maɓallan, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Da fitilar kai tsaye ta mutu, wayar ba ta daina ƙara ba. Direkta ya miƙe. Ya fita baranda inda allon jadawalin shirye-shirye yake rataye, ya goge abin da ke gurbin Asabar da gefen hannunsa, ya rubuta sunan Dija. Ya sauko Asabar ta gaba ya rubuta, da ta gaba, har ƙasan allon. Dija tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa, ta juya wa kowa baya.

Na manta ban kashe makirufon da ke maƙale a rigarta ba, abin ji kuma yana kunnena. Ba wanda ya ji sai ni. A hankali ƙwarai, da muryar da ban taɓa sanin tana da ita ba, ta ce, "Lafiya lau, Iya. Ba gajiya."

Ban gaya mata na ji ba. Sai yanzu da za ta karanta wannan za ta sani.